Fiton Nev a Kan Gadar Yarra

Litinin, 1 ga Mayu
Gaisuwa ga mutanen Melbourne kaf, na cikin jirgi da na ƙasa, masu kuɗi da 'yan uwana matsiyata, har da tsuntsayen da ke kashi a kan gada! Nev Prowse ke magana, direban jirgin ƙasan da ba a yi kamarsa ba, ba kuma za a yi ba. Kerryn 'yata ce ta ba ni littafin nan, wai in riƙa zuba damuwata. Wace damuwa? Rubutun dai a yi haƙuri, ni da makaranta ba mu rabu lafiya ba.

Alhamis, 4 ga Mayu
Na je gidan tsofaffi wajen Glenys. Matata, tun muna da haƙora, yanzu ciwon mantuwa ya kama ta. Na shiga da rawa, ta ce, "Malam, gyaran famfo ka zo?" Na ce gyaran zuciya na zo, 'yammata. Ma'aikatan suka yi dariya. Ita ko kallo.
Amma na samo dabara. Da, in na hau gada da jirgi, ita tana kamfanin alawa a ƙetaren ruwa, sai in danna hon: gajere, gajere, dogo. Ta leƙo taga ta ɗaga hannu. Kowane direba da kukansa, matarsa ta sani. Da shi na sace ta. In ta ji shi a kan gadar, sai ta gane ni. Ku rubuta ku ajiye.

Asabar, 13 ga Mayu
Na turo Glenys a keken guragu tun daga tasha. Gadata! Sun cire layin dogo, sun kafa wasu dogayen gumakan ƙarfe, 'yan yawon buɗe ido sai hoto. Kamfanin alawa babu, gidajen abinci ne da gidan caca. A tsakiya na sa yatsu a baki zan yi fito irin na hon ɗina, haƙoran roba suka yi tsalle. Wani kare ya riga ni isa wajensu.
Ta yi barci. Na kai ta gidan kallon kifaye, nan ma barci.

Lahadi, 14 ga Mayu
Ruwa. Ban fita ba.

Laraba, 24 ga Mayu
Stavros mai keken kofi a bakin gada ya ce, "Nev, jirginka ya zama na mutum ɗaya ke nan?" Na ce kuma bai taɓa makara ba, ba kamar kofinka mai ɗanɗanon kwata ba. Ya ba Glenys shayi kyauta, ni ya ce in biya.
Yau na cire haƙoran na sa a aljihu tukuna. Gajere, gajere, dogo. Har tantabaru suka watse.
Ta ɗago kai. Wallahi ta ɗago. Hannunta ya tashi sama.
Na zagayo gabanta na durƙusa, gwiwar nan tana ƙara. Na ce, Glen, ga ni.
Ta leƙa bayana. "Matsa mana, bawan Allah, ka tare mini. Mijina ne zai wuce."
Na ce ai ni na yi fiton.
Ta ce, "Ka dai kwaikwaya. Nasa ya fi."
Na matsa. Muka tsaya muna kallon masu kekuna.

Juma'a, 2 ga Yuni
Tari ya kama Glenys. Kerryn ta wanke ni tas a waya. "Baba, cikin sanyin nan? Don ita kake yi ko don kanka?" Na ce don 'yan kallo. Ba ta yi dariya ba. Likita ya ce fita ta ƙare, ba sai bazara ba, ta ƙare.
Na je gadar ni kaɗai. Stavros bai tsokane ni ba. Wannan ya fi komai ba ni haushi.

Talata, 13 ga Yuni
Sun sa ta a bakin taga, ba abin da ake gani sai wajen ajiye motoci. Na ce sannu, mai tura keke ne. Ta ce zauna. Na ce wai mijin nan naki wane iri ne?
"Surutu kamar rediyo. Rabi ƙarya. Kuma kullum a makare."
A makare! Ni! Bakina har ya buɗe. Sai na ji na ce, haka suke, amma zai zo.
Ta ce, "Na sani," ta kama hannun rigata. Muka jira shi har aka kawo abinci.
Gobe ma zan je taya ta jira, tunda ba abin da nake yi.
Duk wanda littafin nan ya faɗo hannunsa, don Allah ya aiko mini da matashi mai laushi. Kujerar bakin tagar katako ce zalla, kuma mutumin nan ba shi da alamar isowa.