Kujerar Baya Ta Curtis Ce

Ni Leland Pruitt, mazaunin bayan garin Detroit, na rubuta muku wannan wasiyya, ku 'ya'yana, da hannuna, hankalina garau. Ƙafa ce ta gaza, kai bai gaza ba, duk da ɗayanku ya zaci haka.

Na ɗaya. Gida na Darlene ne, ita ta yi jinyata. Kayan ɗinkina da bindigar farauta na Royce ne.

Na biyu, maganar mota. Shekara talatin da ɗaya ina ɗinkin kujeru a masana'anta, ina yi wa masu kuɗi wurin zama, ni kuwa bas nake hawa. Kowannenmu yana da alamar da yake sa wa a ƙarƙashin kujerar da ya ɗinka. Ranar da na sayi baƙar motar nan ƙirar Imperial a hannun matar wani likita da ya rasu, na ɗaga kujerar baya, sai ga alamata. Uwarku Maxine ta ce, "Malam, ka sayo mana jirgin ruwa, ina tekun?" Amma ita ce ta hana kowa cin gyaɗa a ciki.

Curtis, ina kwance asibiti ka karɓi makulli, ka ce birki za ka kai gyara. Har na gode maka. Sai abokina Otis ya zo dubiya yana ta sosa ƙeya, ya ce, "Leland, wallahi na ga motarka a bikin gunduma, filin da ake karo da motoci har sai ɗaya ta rage. Ba gilashi, an rubuta 44 a ƙofa. Kuma ita ta ci, mutumina." Wai da wannan zai lallashe ni. Ai na san za ta ci, na san waɗanda suka ƙera ta.

Ka ci amanata, Curtis. Masana'anta ma da za ta rufe, sai da ta aiko mana takarda. Kai ka zauna bakin gadona kana ba ni miya a baki, fenti bai gama fita daga farcenka ba.

Na uku. Motar nan ita ta bi gawar uwarku zuwa maƙabarta, kuma ita za ta bi tawa. Kada a gyara ta, kada a goge lambar. Curtis ne zai tuƙa, a hankali, fitilu a kunne, ta gaban coci. Tunda ba gilashi, kowa zai ga direba.

Na huɗu. Darlene, kin rantse ba ke ba ƙanenki Curtis har abada. Ban yarda ba. Fushin nawa ne, da shi zan tafi, ba ya cikin kayan gado. Ranar bikin godiya da ake cin talo-talo a ajiye masa faranti.

Na biyar. Kujerar baya da ka ciro ka yar a bayan rumfa, Royce ya ɗauko ta ya shanya. Taka ce, Curtis. Akwai wani tabo a gefen hagu da uwarku ta hana ni canza fatarsa. Ƙanƙara ta tare mu a hanyar asibiti, a kan kujerar nan ka faɗo duniya, cikin hannuna.

Allah ya yi muku albarka, ku ukun, har da kai. Ku riƙe juna, kada wanda ya zauna nesa da wani a wurin jana'iza.