Albasar Rabi Ta Yi Fure

Zuwa ga yayata Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, na zaɓi in rubuto miki a nan inda kowa zai gani, domin saƙonnina na waya sun daɗe ba sa samun amsa, amma na san kina karanta shafina. Masu leƙowa su yi haƙuri, maganar gida ce.

Tun rasuwar Baba, Mma ba ta karɓi wayarki ba. Wannan kin sani. Abin da ba ki gani ba shi ne yadda take yi: in na miƙa mata wayar sai ta lalubo carbinta, ta juya fuska bango. Na yi mata bayanin takardun zama, na ce in kika fito daga ƙasar da kike ba za a bar ki ki koma wurin 'ya'yanki ba. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Wadda ba ta zauna makokin ubanta ba, me za ta gaya mini da baki?" Daga baya ke ma kika gaji, kika daina kira. Ban ga laifinki ba, kuma na kasa ganin nata.

Ana nan sai ga saƙonki ta hannun alhajin nan mai safarar motoci: albasa biyar a 'yar jakar raga, da hoton wani fure shuɗi a jiki, wanda Faransawa ke kira jasint. Kin ce in shuka wa Mma, tunda idonta ya tafi amma hancinta na nan, ko ta ji ƙamshin da kike ji a garinku idan sanyi ya fara janyewa.

Na yi abin da aikin jarida ya koya mini, na karanta kafin in taɓa. Ashe wannan albasa ba ta fure sai ta sha sanyi mai tsawo, wajen wata uku, a cikin duhu. A can, ƙasa ce ke yi mata wannan aiki. A Lome, inda mutum ke fara gumi tun bai fito daga wanka ba, sai dai firigo, wato firij. Na naɗe su a takarda na sa a aljihun ƙasa, na hana a ajiye ayaba ko abarba kusa da su, don iskar da 'ya'yan itace ke fitarwa tana kashe furen tun yana ciki. In an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, sai in hau babur ɗin haya da muke kira zemijan in nemo ƙanƙara.

Abin da littattafan ba su faɗa ba shi ne firigon Zongo ba na mai shi kaɗai ba ne. Kin tuna. Maƙwabci ba ya neman izini, sallama kawai yake yi ya shigo da tasarsa.

Aiki ya kai ni arewa na wasu kwanaki, a bayana aka yi suna a gidan da ke jikin namu. Aka yanka rago, aka shigo da tasoshin nama da robobin zoɓo. Goggo Hassana, ƙanwar Baba, wadda har yanzu ita ke mulkin madafarmu, ta buɗe firigo tana neman wuri. An ce da ta warware takardar sai ta ɗaga murya yadda duk matan za su ji: "Ku zo ku ga abin da boko ya yi wa yaron nan! Albasa a firigo, a naɗe kamar allurar asibiti!" Aka yi dariya, ta watsa su cikin kwandon albasar miya. Ba zan ce ta yi wauta ba. Ɓawonsu ja-ja ne, girmansu ɗaya da tamu, ni ma da ban ga hoton ba da ban bambance ba.

A kwandon suka yi ta zama kusa da murhu, har ranar da Goggo ta ɗauki ɗaya za ta yi miya. Ta yanka, idonta bai yi yaji ba, hannunta kuma ya hau ƙaiƙayi. Allah ya tsare ba ta jefa a tukunya ba, domin abin yana da guba. Sai ta kai wa Mma ɓarin, tana sosa tafi da wuƙa, ta ce, "Hajiya, shinshina mini wannan. Albasar Turawa ce ko sammu aka jefo mana?"

Ni ban taɓa gaya wa Mma an kawo saƙo daga wurinki ba, ina jiran sai ya yi fure. Amma kin san ta, ba abin da ke wucewa a gidan nan bai bi ta kunnenta ba. Goggo ta ce Mma ta riƙe ɓarin nan a tafinta ta daɗe, sannan ta ce, "Ba ta miya ba ce. Tsince sauran ki mayar inda kika same su, in nama bai samu wuri ba a soya shi."

Da na dawo na tarar biyu sun yi laushi, sun fara wari. Biyun da suka rage na bar su suka ƙarasa sanyinsu, ba tare da na sa rai sosai ba. Sannan na huda gindin manyan gwangwanayen tumatir, na haɗa baƙar ƙasa da yashi. Ban ɗebo na bakin teku ba saboda gishiri, wurin wasu magina a unguwar Agoè na roƙo. Na dasa kowace tsininta na kallon sama, kan ya ɗan leƙo, na ajiye su bayan randa inda rana ba ta kaiwa.

Ɗaya ganye zalla ta yi. Ɗayar ta yi fure, Yaya, amma kada ki zaci irin na hoton ne. Guntu ne, bai fi tsawon babban yatsa ba, a maƙale tsakanin ganye kamar yana jin kunyar fitowa. Ƙamshin dai bai rage komai ba. Har Goggo ta tsaya a bakin ƙofa tana cewa wa ya fasa turare.

Shekaranjiya da hantsi na ɗora wa Mma gwangwanin a cinya. Ta bi ganyen da yatsa har ta kai ga furen, ta sunkuya ta shaƙa. Ta ce, "Ya yi ƙarfi." Ta sake shaƙa. Sai ta tambaye ni me ya sa na wahalar da kaina da firigo, na yi mata bayani a taƙaice. Ta ce in kama hannunta.

Na zaci banɗaki za ta. Sai ta ja ni zuwa firigon, ta buɗe da kanta, ta lalubi aljihun ƙasa ta cusa hannu. Ta bar shi a ciki har na fara damuwa. Ta ce, "Haka garin nasu yake?" Na ce wani lokaci ya fi haka, har ruwa ya daskare a hanya. Ta ce, "Kuma ta fita aiki a ciki?" Na ce kullum. "Da yaran?" Na ce da yaran.

Ta fito da hannun ta cusa cikin mayafinta, muka koma ɗaki. Ba ta yi kuka ba. Sai da ta zauna ta gyara gwangwanin kusa da matashinta, sannan ta ce, "Ka gaya mata kada ta kira da azahar, barci nake yi. Bayan la'asar."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ban ƙara ba ban rage ba. Ba ta ce ta yafe ba, kuma ba zan sa mata magana a baki ba. Furen ba zai jure zafin nan ba, 'yan furannin da ke ƙasa-ƙasa sun fara komawa ruwan ƙasa, albasar kuma ba za ta sake yi mana wani ba. Ban san ko zuciyar Mma za ta daɗe a buɗe bayan ya bushe ba. Jiya bayan la'asar ta sa an ajiye mata wayata a gefen sallaya, ta ce wai don ta ji lokaci. Har aka kira magariba tana nan a gefenta.

Ki kira, Rabi. Za ta fara da faɗa, ki bar ta ta yi har ta gaji. Kada ki kawo maganar takardu, ta riga ta sani. Ki ce "Mma" kawai, ki jira.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ƙara wa Mma lafiya da tsawon kwana, ya buɗe miki hanyar gida tun tana da ƙarfin rungumar ki. Ya raya mana yaran cikin imani. Amin.

Ki gaishe da maigidan, ki shafa mini kan yara.

Ƙaninki,
Habibu
Zongo, Lome