Doyar Kawu da Na Mayar

Maamobi, Akra
Disamba

Zuwa ga Yayana Imurana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka Lamisi da yara. Yaya ƙafar Mma? Mu nan lafiya lau, sai zafi. Na ba Faisal direban motar doya wannan takarda, tunda wayarka ba ta shiga sai ka hau tudu.

Faisal ya ce a cikin hayaƙi ya yi ta tuƙi tun daga bayan Kintampo, kuma ciyawa ta bushe har bakin gandun daji. Tun da ya faɗa ban ƙara jin daɗin abinci ba. Bara rafi ne ya tare mana wuta. Bana kai da kanka ka ce ya ƙafe. To me ya rage tsakanin daji da ɗakin Mma in ba gonarmu ta kashu, wato yazawa, ba? Ka kuma san ta, ko an ɗaure ta ba za ta bar ɗakin da Baba ya gina ba.

Mu 'yan garinmu da ke nan mun zauna a unguwar Nima bayan Juma'a. Osumanu, makaniken nan na Abossey Okai, ya yanka tsofaffin tayoyi ya ɗaura a sanduna don dukan wuta. 'Yan matanmu masu dako a kasuwa sun haɗu sun sayi adduna. Tayoyin da addunan duk suna cikin motar. Ka tara samari ku share ciyawa kewaye da gari da gonaki, faɗin da mota za ta wuce, har ƙasa ta fito fili. Don Allah kada ka jira mai gari ya gama shawara.

Ka gaida Mma sosai.
Ƙanwarka, Nasira

Maamobi, Akra
Janairu

Yaya Imurana,

Salama da gaisuwa. Ina fata gajiyar sharar ta sake ku. Na ji kun kewaye gabas da kudu, Allah Ya saka. Na kuma ji Kawu Abdulsalami ya hana ku taɓa wajensa na yamma, wai tun kafin a haife mu yake ƙona saurarsa, wuta ba ta taɓa kuɓuce masa ba.

Gara ka ji abin da ya faru daga bakina. Mu matan da ke sayen doya a kasuwar Old Fadama mun yi alkawari, duk manomin da ya ƙi share iyakar gonarsa ba za mu sauke kayansa ba. Ni na kawo maganar, ni na fi kowa ɗaga murya. Sai ga shi motar farko da ta faɗa cikin dokar ta Kawu ce.

Yaya, doya ce irin wadda ka sani, manya, masu kyau. Matan suka zuba mini ido, suna jira su ga ko dokar ta wasu ce kawai. Na tuna Kawu ne ya biya mini kuɗin mota ranar da na fara zuwa Akra, shi ya saya mini kwanon talla na farko. Amma duk da haka na ce wa direban ya juya.

Da yamma Kawu ya hau tudu ya kira ni. Ya ce, "Nasira, birni ya koya miki wulaƙanta ɗan'uwan uwarki." Na ce, "Kawu, uwar tawa ce ke kwana a bayan gonarka." Ya kashe wayar. Na yi kuka har maƙwabciyata ta leƙo, amma ban canza ba kuma ba zan canza ba. Idan Mma ta yi fushi, ka bar ta ta zage ni. Na fi son zaginta da zaman makokinta.

Taka,
Nasira

Maamobi, Akra
Fabrairu

Yayana,

Assalamu alaikum. Yaya hannun da wuta ta ƙona? Lamisi ta ce fatar ta saɓule har gwiwar hannu. Kada ka bari a shafa maka toka ko man ja, ka koma asibiti a wanke. Alhamdulillahi da ya tsaya a nan.

Ta ba ni labari duka. Ta ce da rana tsaka iska ta juya, wutar Kawu ta tsallake cikin gandun daji, ta dawo muku ta yamma, inda ba a share ba. Ta ce kun yi ta duka har tayoyin suka narke, mata na jido ruwa daga rijiyar masallaci, kai kuma ka goyo Mma tana dukan bayanka. Da wutar ta iso inda kuka share a bayan ɗakin Mma sai ta kwanta. Ɗakin Mma na nan, garin na nan. Rabin kashun da Baba ya dasa ya tafi, na sani, kada ka ɓoye mini. Za mu sake dasawa da ruwan farko, na riga na yi magana da mai renon tsirrai.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne Kawu. Rumbunsa ya ƙone, har da doyar da na mayar masa da irin da zai shuka bana. An ce ya rufe kansa a gida, ko masallaci ba ya fita, samari kuma na so a kai shi ga hukuma. Ka hana su, Yaya. Garin duka babu wanda ya san yadda iska ke juyawa a dajin nan kamarsa, kuma yanzu ya gani da idonsa. Shi nake so ya ja gaba a sharar baɗi.

Matan kasuwa sun tara masa irin doya, kowace daga manominta. Ina tafe da shi a motar Faisal ranar Asabar. Ka faɗa wa Mma ta yi haƙuri, a gidan Kawu zan fara sauka. In ya ƙi buɗe ƙofa, zan shimfiɗa zanena a zaurensa in zauna har ya buɗe.

Allah Ya ba ka lafiya.
Ƙanwarka, Nasira