Kwalba ta Biyu

Daren Talata, Harra ta Gabas, Madina.

Na dawo daga mahaƙar tagulla a gajiye, raina a ɓace. Aikina ɗebo ruwan rijiyoyin da ke kusa da tafkin da kamfani ke zubar da dagwalon haƙa, a kai ɗakin gwaji. Yau ruwan rijiyar wani tsoho mai raƙuma ya fito kore shar, yana warin tsatsa. Raƙumansa biyu sun mutu. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ya Hajji, ka nuna wa hukuma."

Da mudir, wato manajanmu, ya ga kwalbar da na cika, sai ya tuttular da ruwan, ya ce in cika daga tankin ofis. Na buɗe baki, ya daka mini tsawa: "Uskut, rufe mini baki! Iƙamarka, takardar zamanka a ƙasar nan, a hannuna take." A gaban leburori, ni da furfurata!

Bai san kwalba biyu na cika ba. Ɗayar tana ƙarƙashin gadona. Jibi masu duba muhalli za su zo, kuma ni ke kai musu gahawa da dabino. A tsakiyar tiren zan dasa ta, ko da za a mayar da ni gida Maraɗi. In mudir ya ce ruwan lafiya lau ne, bismilla, shi ya fara kurɓa.