Takardun Ƙarshe na Littafin Baba

Asabar, 20 ga Rabi'ul Awwal, 1362

Ƙanena Dalhatu ya zo daga Dutsin-Ma a kan keke, da farar riga mai guga. Ya durƙusa ya gaishe ni har ƙasa, abin da bai yi ba tun rasuwar Baba. Nan take na ce a raina, akwai magana.

Wai En'e, hukumar Sarki, ta buɗe ɗakin karatu kusa da kasuwa, shi aka ba riƙo. Kowa ya ga dama ya shiga ya karanta, ba sai ya yi wa kowa almajiranci ba. Ran kasuwa kuma yana karanta wa mutane labarin yaƙin Turawa da ƙarfi. Yanzu, in ji shi, mutane sun gaji da sunayen garuruwan da ba su sani ba, nasu suke so su ji. Littafin Baba yake nema, tarihin tsohon garinmu na gindin dutse da ya zama kufai, wanda mutanensa suka watsu Kurfi da Birchi da Kutawa.

Na ce zan duba. Ya ci tuwo ya tafi.

Litinin, 22 ga Rabi'ul Awwal

Wa ya gaya wa Bature akwai littafin nan? Dalhatu ya rantse ba ruwan Bature, shawararsa ce. To, wa ke biyansa albashi?

Na ga abin da aka yi lokacin da nake yaro. Wani Bature ya zauna a inuwar tsamiya yana tambayar tsofaffi asalin kowane gida, suna ta zuba kamar ana hira. Da kaka ta yi sai ga an sauya masu unguwa, an ƙara haraji. Tarihi a hannun hukuma ba hira ba ne.

Laraba, 24 ga Rabi'ul Awwal

Na je da kaina, da sunan sayen gishiri. Ɗaki ɗaya ne, daɓen siminti, benci, akwatin katako mai kwaɗo. Littattafan boko ɗinkakku, kowane an buga masa hatimin En'e a goshi, shuɗi. Na daɗe ina kallon hatimin nan.

Wani mai ɗinkin hula ya shigo ya ce a ba shi abin karantawa. Dalhatu ya tambaye shi abin da yake so, labari ko kiwon lafiya, ya zaɓo masa wani siriri, ya ce in ya gama wannan akwai mai bi masa. Ba alwala, ba malami, ba a ma tambayi ɗan gidan wa ne ba. Mutumin ya cusa shi a aljihun da yake sa goro.

Nan ake so in kawo rubutun hannun Baba.

Alhamis, 25 ga Rabi'ul Awwal

Matata Yahanasu ta ce, "Malam, ai shi ma ɗan gidan ne. Uban naku ɗaya." Ai abin da nake tsoro ke nan. In littafi ya shiga hannunsa da sunan aro, ya ce gado ne, wane alƙali zai ƙwato mini?

Ban gaya mata haka ba. Na ce miyar ta yi gishiri.

Juma'a, 26 ga Rabi'ul Awwal

Dalhatu ya dawo bayan masallaci. Na ba shi littafin.

Amma na yi yadda gidanmu ke yi tun kaka da kakanni. Littattafanmu ba a ɗinke suke ba, takardu ne warware a cikin gafaka, kuma ba a taɓa ba mai aro duka. Ana zare na ƙarshe a ajiye. Wanda ya ari littafi marar ƙarshe dole ya dawo, in ya sayar kuwa ba mai saye. Baba ya yi wa manyan malamai haka, ba wanda ya ji haushi. Na shiga ɗaki na ɗebi na ƙasa, na sa a tukunyar da nake ajiye tawada, na ɗaure gafakar na miƙa masa.

Ban faɗa masa ba. Ɗan gida ne, in ji Yahanasu, ya kamata ya sani. In makarantar boko ta Katsina da aka kai shi tun yana ƙarami ta mantar da shi, ba laifina ba ne.

Na ce, hatimin nan in ya taɓa takarda ɗaya, ni da shi har abada. Ya ce, "Haba Yaya."

Alhamis, 2 ga Rabi'ul Sani

Masu dawowa daga kasuwa sun ce jiya ɗakin bai ɗauki mutane ba, sai a waje aka yi. Tsofaffi na jin sunan kakanninsu suna kabbara. Wani ya yi kuka da aka ambaci rijiyar bakin ƙofa.

Na tambaya ko an ga Bature. Ba a gani ba. Ko wani mai rubutawa a gefe? Ba a lura ba. Ai ba za a lura ba.

Asabar, 4 ga Rabi'ul Sani

Zafi. Almajirai ba sa riƙe karatu. Ni ma haka.

Juma'a, 10 ga Rabi'ul Sani

Dalhatu ya zo ba guga a rigar. Bai zauna ba.

Shekaranjiya ya karanta har takarda ta ƙare. Ta ƙare ne a ranar da mahayan Maraɗi suka faɗo wa garin da hantsi, mata na rijiya a waje, Yero mai tsaron ƙofa ya ja ƙyaure ya rufe. Nan rubutun ya tsaya, da cikakkiyar magana, har ya ɗauka nan Baba ya ajiye alƙalami. Ya rufe gafaka ya ce wa jama'a ƙarshe ke nan.

Wallahi ban duba inda na yanke ba. Na ɗebi na ƙasa ne kawai.

'Yar Yero tana raye. Inna Rekiya ta Kutawa, mai daddawa, tana zaune a bakin taron da ƙwaryarta. Dalhatu ya ce mutane suka juyo gaba ɗaya suna kallonta. Wani daga baya ya ce ashe a kan kakarsa aka rufe ƙofa. Ta ɗauki ƙwaryar ta tafi.

Ya ce, "Yaya, Baba bai san barin magana a rataye ba. Akwai saura ko babu?"

Na ce zan duba.

Asabar, 11 ga Rabi'ul Sani

Na fiddo su daga tukunya na karanta, ko da yake na san abin da ke ciki. Yero daga waje ya rufe ƙofar. Ya ce wa na ciki su sa sanda, shi ya tsaya da baka a bakin rijiya har matan suka zagaya ta ƙafar dutse suka shige. A nan aka tsinci gawarsa da la'asar. Baba ya rubuta cewa mutanen garin sun watse a makon, shi ya sa kaɗan ne suka san yadda aka yi.

To amma. In na ba da waɗannan, littafi ya cika a hannun En'e. Me ya rage mini? Kuma wa ya tabbatar mini an yi abin nan yadda Dalhatu ya faɗa? Yaron yana da wayo tun yana goye. Ba abin mamaki ba ne ya ƙara gishiri don ya raba ni da sauran.

Talata, 14 ga Rabi'ul Sani

Na aika a tambayo mini a ɓoye. Gaskiya ne, har ya fi yadda ya faɗa. Yara a Kutawa sun sa waƙa, suna bin ta da "rufe ƙofa". Matan da ke saye a wurinta sun koma wajen wata.

Ko wanda na aika shi ma Dalhatu ya gan shi? Na ce wa kaina, kai, Ilu. Ka ji tsoron Allah.

Alhamis, 16 ga Rabi'ul Sani

Jiya ba a yi karatu ba, ita ma ba ta zo kasuwa ba.

Na yanke shawara. Zan je Kutawa in karanta mata ita kaɗai, ta ji ubanta ba abin kunya ba ne, hankalinta ya kwanta. Takardu su dawo tukunya. Kowa ya samu nasa.

Asabar, 18 ga Rabi'ul Sani

Na same ta a tsakar gida tana tsince kalwa. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Na fiddo takardun na karanta mata a hankali, har da addu'ar da Baba ya yi masa a ƙasa. Na ɗago ina jiran kuka ko godiya.

Hannunta bai bar kalwar ba. Ta ce, "Allah shi jiƙan Malam babba, ya rubuta daidai. Ai ina goye a bayan innata ran nan, a bakin rijiyar. Ta ba ni labarin har ta gaji."

Na ce to, alhamdu lillahi, tunda ta sani.

Ta ce, "Ni na sani, Malam. Su ne ba su sani ba. Na faɗa masu, suka ce ɗiya ai ba ta kushe ubanta, kuma littafin malamai ya riga ya faɗi. Kai ka tako tun daga Kurfi ka karanta wa wadda ta sani?"

Ta ƙunsa mini daddawa a ganye, ta ce in kai wa uwargida. Kunya ta hana ni ƙi, kunya ta hana ni karɓa da hannu biyu. Tun da nake ban taɓa jin nauyin abu a hanya kamar ƙunshin nan ba.

Litinin, 20 ga Rabi'ul Sani

Sharaɗina: ni zan karanta da bakina, ni zan riƙe takardun, in na gama in haɗa da sauran in dawo da abina gida a ranar. Na aika wa Dalhatu haka. Ya aiko da "to" kawai. Wannan saurin yarda ma bai kwanta mini ba.

Alhamis, 23 ga Rabi'ul Sani

An yi jiya. Mutane sun fi na da, in ji su, don an ji akwai saura. Kafin in fara na ce littafin bai ƙare ba wancan karon, ni na riƙe ƙarshensa bisa al'adar gidanmu. Wani ya yi tsaki. Na bar shi, yana da gaskiya.

Muryata ta yi rawa a wajen rijiyar. Tsufa ne. Da na kai inda aka tsinci gawar, sai mutumin da ya yi maganar kakarsa ya tashi ya ratsa mutane ya je ya durƙusa a gaban ƙwaryar daddawa. Ban ji abin da ya ce ba. Ita dai ta gyara lulluɓinta ta tambaye shi ta nawa zai saya.

Bayan an watse mai ɗinkin hular nan ya tare ni, wai a cikin littattafan gidanmu wanne ya kamata mai farawa ya fara ji. Na faɗa masa, na ce amma ya wanke aljihunsa tukuna.

Na duba takardun ɗaya bayan ɗaya a gaban Dalhatu. Ba hatimi, ba maiƙo, an ma sa musu sabon ƙyalle. Na mayar da na ƙarshen a ƙasansu na ɗaure. Ya miƙo mini gafakar da hannu biyu.

Na ce ya ajiye tukuna, jakin ya gaji, ga gishiri na sayo. Ya dubi jakin, ya dube ni, ya ajiye gafakar. Akwai mutanen Birchi da ba su samu zuwa ba, kuma Dalhatu yana cinye wasu kalmomin in yana karanta ajamin Baba, dole wani ya zauna kusa da shi ran Laraba.

Yahanasu ta ga na shigo ba gafaka. Ta buɗe tukunyar tawada ta leƙa, ta rufe. Ta ce, "Malam, har na ƙarshen?"

Na ce ta kawo mini ruwa.