Kwamfutar Kawu Ta Cika

'Yata Injiniya,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Bayan haka, kwamfutar nan da kika sa wa manhajar Linux ta juya mini baya. Shekara shida ina rubuta tarihin rayuwata, saura babi ɗaya tal, yau na zo adanawa ta ce wai babu wuri. Babu wuri, a cikin gidana! Ga mai buga littafin yana jirana ranar Litinin. Ki taimaki tsoho.

Kawunki.

*

Kawu,

Ina wuni, ya Anti? Kwantar da hankalinka. Ɓangaren da Linux ɗin yake zaune ne ya cika maƙil. Na shiga kwamfutar daga nan ta intanet na share ragowar tsofaffin manhajoji da bayanan da kwamfutar take tara wa kanta. Sai na leƙa kwandon sharar kwamfutar. Kai, Kawu! Fiye da rabin wurin shi ya cinye, shekara shida ba a zubar ba. Na zubar ban tambaye ka ba, don na san hali, ko mataccen batir ba ka yarwa. Yanzu wuri har ka yi birgima.

'Yarka.

*

Injiniya,

Yau babu gaisuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Kin kashe ni. A kwandon nan nake ajiye littafin. Kullum in na gama rubutu sai in mayar da shi can, da safe in ɗauko, don kada antinki ta gani. Wa zai je neman dukiya a shara? Da babi goma sha ɗaya da hotunan iyayena, duk sun tafi. Wuri kam ya samu, na gode. Sai dai ban san me zan zuba a ciki ba.

Kawunki, in har yanzu kina da shi.

*

'Yata,

Ina gaishe ki. Daina kukan nan. Shekara talatin da biyar ni ke zubar da shara a gidan nan, kuma ban taɓa zubarwa ban duba ba. Duk Juma'a nake leƙa kwandon kwamfutarsa in kwafe littafin a filashi, na karanta shi tas. Ki faɗa wa Malam, tunda ya kulle kansa a ɗaki ya ƙi cin abinci: a babi na huɗu ya rubuta wai ni na fara cewa ina son sa. Ya fito ya yi alkawarin gyarawa, in ba shi kayansa.

Antinki.