Dutin Kirsimeti

Abaji, Litinin

Maman Jonah,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya. Ya ƙarin haƙurin rashin Mama? Allah ya ba ku dangana.

Tunda kin daina ɗaukar wayata, ga takarda ta hannun direban motar magani, sai ki ƙi karɓarta ita ma in gani. An ce wai kunyata kike ji don an cillo ni asibitin Abaji saboda ke. Haba Miriam, rufa min asiri. Tun muna sababbin nas a Karu nake riƙe miki dutin Kirsimeti, kike riƙe min na Sallah. Rana tsaka sabuwar Matron, shugabar nas-nas, ta zo ta ce ta hana musanya. Ga Kirsimeti ta zo, ga mahaifiyarki kwance a ƙauye rai a hannun Allah, ni kuma ba coci zan je ba. In zauna gida in yi ta kallon bango? Na ce ki tafi, na sa farin kayana na shiga ɗakin haihuwa. Duk jariran da na karɓa ranar, babu wanda ya tambaye ni dutin waye.

Abaji ba lahira ba ce, ga doya da araha. Abin da ke cina kawai 'yata Zakiyya. Na bar ta wurin ƙanwata saboda makaranta, sai ƙarshen mako nake ganinta, in zan taho kuma sai an ɓamɓare ta daga jikina.

Ki ba ni amsa, ko in zo har gida in tsige ki.

Taki,
Rekiya

Karu, Alhamis

Maman Zakiyya,

Ina gaishe ki da sunan Ubangiji. Na gode da ta'aziyya. Ba fushi nake ba, bakin magana ne ba ni da shi.

Jiya Matron ta kira ni ofis. Maganar ta je gaban kwamitin ladabtarwa. Ta ce in kika rubuta cewa ni na bar ɗakin haihuwa ban gaya wa kowa ba, ke kuma kika tarar babu nas kika tsaya, za a maido ki Karu cikin watan nan. Ni za a dakatar da ni, wataƙila a sallame ni gaba ɗaya.

Rekiya, don Allah ki rubuta. Na ga Zakiyya shekaranjiya a bakin get ɗin asibiti, daga makaranta ta sa ƙanwarki ta biyo da ita. Ta ce min, "Anti, yaushe za a gama aron Mamana?" Sai na shiga sito na yi kukana.

Ni na riga na samu rabona. Mama ta cika hannunta yana cikin nawa, ta san ni ce, har ta kira sunana. Ke kika ba ni wannan, kuma babu kwamitin da zai ƙwace min shi. Ki bar ni in ɗauki sauran.

Allah ya kiyaye ki.

'Yar'uwarki,
Miriam

Abaji, Juma'a

Maman Jonah,

Barka da yau. Na karanta, na yi kuka, na kuma ji haushinki.

Ai Matron ta riga ki. Ta bugo min, murya kamar zuma. Na ce, "Ranki ya daɗe, zan rubuta." Na kuwa rubuta: ni na ce ki tafi, kin damƙa min ɗakin hannu da hannu, kuma in Allah ya kai mu wata Kirsimetin haka zan sake yi.

Kewar yarinyar nan tana neman kashe ni, ba zan ɓoye miki ba. Amma ba zan koma gida ta kan tukunyar da Jonah ke ci ba.

Na samo wa Zakiyya makaranta a nan. Gobe Asabar ki haɗa kayanta ki kawo min ita, ke da kanki. Kar ki aiko kowa.

Ki huta lafiya.

Rekiya